Jarma da Cocin Afirka ta Arewa: Shahidai, Masu Saɓani da Mas'alar Mai Zunubi

Wanda ya fita daga Sabha ya kama hanyar Ubari, ya miƙa yamma cikin dogon kwarin nan da mutanen dā suke kira Wadil Ajal, tsaunin Masak na hagunsa baƙi ƙirin, tuddan rairayi na damansa iyakar ganin ido, idan ya ci kimanin kilomita 150 zai iske kufan Jarma, birnin da Rumawa suka sani da sunan Garama, alkaryar wata al'umma da Hirodotus Bayunane ya ambata tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu, ya kira su Garamantawa. Marubutan Rum sun so su nuna su a matsayin 'yan hari marasa mazauni, amma ƙasa ta ƙaryata su, domin mutanen nan sun gina garuruwa masu ganuwa, sun haƙa ɗaruruwan magudanan ruwa na ƙarƙashin ƙasa, irin waɗanda ake kira fuggara, da har yau matafiyi ke ganin bakunan rijiyoyinsu a jere daga gindin tsauni zuwa gonaki, suka noma alkama da sha'ir da dabino da inabi, daga baya har da dawa da auduga, a wurin da shekara kan zagayo ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Kaburburansu kuwa, waɗanda aka ƙiyasta sun kai 120,000 a wannan kwari, su suka fi kome ba da labarin aƙidarsu. A gaban kabari akan tarar da faffaɗan dutse da aka sassaƙa wa ramuka domin zuba wa mamaci abinci da abin sha, a bayansa kuma wani dutsen a tsaye mai siffar tafin hannu ko ƙaho biyu, shi kuwa mamacin yana kwance a ƙudundune, kewaye da tuluna da fitilu da kwalaben da fatake suka kawo daga bakin teku.

A cikin abin da aka rubuta game da wannan al'umma, jimla ɗaya ce masana suke dogara da ita wajen danganta su da addinin Nasara. Wani malamin coci mai suna Yohanna na Biklaro, mutumin ƙasar da daga baya ta zama Andalus, ya rubuta a littafinsa na tarihi cewa a shekara ta 569 Garamantawa sun aika jakadu suna neman sulhu da daular Rum da kuma shiga addininta, aka kuwa ba su duka biyun. Mai karatu yana da haƙƙin ya tambaya wane Nasarancin aka ba su, tun da a lokacin addinin ya yi shekara 400 a gaɓar da ke arewa da Fazzan, ya haifi shahidai da manyan malamai, ya kuma rarrabu ƙungiya ƙungiya, kowace tana kafirta 'yar'uwarta.

Ta ƙofa biyu addinin ya shigo. Ta gabas akwai yankin Barƙa, wanda a zamanin ake kira Birane Biyar, masu magana da Yunananci, fuskarsu na kallon Iskandariyya. Saminu Bakurane da Linjilar hannun Nasara ta ambata mutumin can ne, daga Kurane da kufanta ke kusa da Shahhat ta yau, kuma Ƙibɗawan Masar suna riƙe da cewa Markus, wanda ya kafa cocinsu, haifaffen wannan yanki ne. Ta yamma kuwa, daga Tarabulus zuwa ƙasashen da yau ake kira Tunisiya da Aljeriya, harshen coci Latin ne, cibiyarta Kartaj. Rubutu mafi tsufa da ya saura na cocin yamma takardar shari'a ce. Ranar 17 ga Yuli, shekara ta 180, aka gurfanar da wasu mutanen ƙauyen Sikilli a gaban hakimin Kartaj, aka neme su da su rantse da alfarmar Ƙaisar su yi masa hadaya, suka ƙi. Hakimin ya ga akwati a hannun babbansu, ya tambaye shi abin da ke ciki, ya ce littattafai ne da wasiƙun Bulus. Aka ba su jinkirin kwana 30 su sake shawara, suka ce ba su da bukata, a ranar aka fille kawunan mutum 12, maza da mata.

Labarin da ya fi wannan ratsa zuciya shi ne na Farfetuwa, 'yar manyan Kartaj, mai shekara 22 da jinjiri a goye, wadda aka kama a 203 tare da wata baiwa mai suna Filisita da ke da cikin wata takwas. Farfetuwa ta rubuta halin da ta shiga a kurkuku da hannunta, kuma rubutun nata yana cikin mafi tsufan abin da wata mace Banasariya ta bari. Ta faɗi duhu da zafi da cunkoson ɗakin, da yadda hankalinta bai kwanta ba sai da aka bar mata ɗanta tana shayar da shi, da yadda mahaifinta, tsoho mai furfura wanda ba ya kan addininta, ya zo ya faɗi a ƙafafunta yana sumbatar hannuwanta, yana roƙonta ta ji tausayin tsufansa ta ƙona ɗan turare ga Ƙaisar a sake ta. Filisita ta haihu a kurkukun kwanaki kaɗan kafin ranar. Aka fito da su dandalin wasa a bikin zagayowar haihuwar Geta, ɗan Ƙaisar Sabtimiyus Sawirus, wanda shi kansa haifaffen Labda ne a gabashin Tarabulus. Aka sakar wa matan wata saniya mai faɗa, ta tunkuyi Farfetuwa ta kayar da ita, ta tashi ta gyara tufarta, ta nemi abin ɗaure gashinta da ya warware, domin a al'adarsu sakin gashi alamar makoki ce, ita kuwa ba ta ɗauki ranar a matsayin ranar makoki ba. Musulmin da ya san ƙissar Ashabul Ukhdudi ba zai karanta wannan da wasa ba. Waɗannan mutane ne da suka rayu shekaru ɗaruruwa kafin aiko Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, kuma abin da aka kashe su a kansa shi ne ƙin bauta wa sarki.

Daga nan girmama shahidai ya zama ginshiƙin ibadar Nasaran Afirka. Suna gina ɗakuna a kan kaburburansu, suna kai ziyara da abinci, suna ajiye ƙasusuwansu don neman tabarruki, suna karanta labarinsu a ranar da aka kashe su kowace shekara. A cikin wannan girmamawa ne kuma tushen fitina ya ɓuya, domin al'ummar da ta ɗaukaka wanda ya jure dole wata rana ta yanke hukunci a kan wanda ya kasa jurewa. A shekara ta 250 Ƙaisar Daƙyanus, wanda masu tafsiri suke ambata a ƙissar Ashabul Kahfi, ya wajabta wa kowa yin hadaya ga gumaka da karɓar takardar shaida. Jama'a da yawa suka yi, wasu suka sayi takardar da kuɗi. Da ƙura ta lafa suka dawo suna neman a karɓe su, sai bishof na Kartaj, Sifiriyan, ya tsaya tsakani: ya yarda a karɓi mai ridda bayan doguwar tuba, amma ya dage cewa limamin da ya faɗi ba ya sake jan ibada, kuma baftismar da aka yi a wajen coci ba baftisma ba ce, har ya yi jayayya da bishof na Rum a kan haka. An fille kansa ranar 14 ga Satumba, 258, sai jininsa ya ƙara wa fatawarsa nauyi.

A ɓangaren gabas saɓanin na ilmin kalamu ne, kuma mutanen Libiya biyu ne suka tsaya a gefunansa biyu. Na farko Sabaliyus, wanda aka kora daga cocin Rum wajen shekara ta 220, ya ce Uba da Ɗa da Ruhu sunaye ne uku na zati ɗaya mai bayyana ta fuskoki uku, kuma ra'ayinsa ya yaɗu a Birane Biyar har bishof na Iskandariyya ya yi ta aika wasiƙun raddi. Na biyu Ariyus, limamin wata unguwa ta bakin tashar jiragen Iskandariyya, dogon mutum mai zuhudu da daɗin lafazi, wanda wajen 318 ya fito fili ya ce Allah Shi kaɗai ne marar farko, Ɗa kuwa abin halitta ne, yana da mafari. Ya tsara aƙidarsa cikin waƙoƙi domin matuƙan jirgi da masu niƙa da matafiya su rera, har gardamar malamai ta koma gardamar kasuwa. Ƙaisar Ƙusɗanɗin, wanda bai daɗe da halatta addinin ba, ya tara bishof kusan 300 a Nikiya a shekara ta 325, suka zartar cewa Ɗa da Uba zatinsu ɗaya. Duk taron mutum biyu ne suka ƙi sa hannu har ƙarshe, kuma dukansu daga Libiya suke: Sakundus na Tulmaisa da Tiyonas na Marmarika. Aka kore su tare da Ariyus, aka ba da umarnin ƙone littattafansa, ya rasu a Ƙusɗanɗiniyya a 336.

Ya kamata a yi adalci a nan, domin wasu marubutanmu, tun daga Ibnu Hazmi na Andalus, sun siffanta Ariyus da tsantsar tauhidi, na baya kuma suka ƙara gishiri. Gaskiya ne ya tsarkake Allah daga abokin tarayya a cikin rashin farko, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ya ci gaba da kiran Almasihu Ɗa, ya ce an halicce shi kafin zamani kuma ta hannunsa aka halicci duniya, bai kuma musanta gicciyewa ba. Wanda ya mai da shi Musulmi kafin Musulunci ya ɗora masa abin da bai faɗa ba, kamar yadda abokan gabarsa suka ɗora masa nasu.

Saɓanin da ya fi cin cocin yamma bai taɓa zatin Allah ba ko kaɗan. A 303 Ƙaisar Diyokilisiyan ya umarta a rushe majami'u a miƙa littattafai a ƙone. Wasu limamai suka miƙa, wasu suka yi dabara suka ba da littattafan likitanci ko na 'yan bidi'a, wasu suka ƙi aka kashe su. Wajen 311 aka naɗa Sisiliyan bishof na Kartaj, mutumin da ake zargi da cewa ya hana a kai wa shahidan garin Abitina abinci suna kurkuku, kuma aka ce ɗaya daga cikin waɗanda suka naɗa shi ya taɓa miƙa littafi. Bishof 70 na Numidiya suka taru suka ce naɗin ɓatacce ne, domin hannun da ya miƙa littafin Allah ga wuta ba ya iya miƙa albarka ga kowa. Suka naɗa nasu, da ya rasu Donatus ya gaje shi, ya jagoranci ɓangaren shekara 40, sunansa ya bi su. Aka kai ƙara gaban Ƙaisar, aka zauna a Rum a 313, aka sake zama a Arles a 314, duk hukunci ya ba Sisiliyan gaskiya, amma talakawan ƙauyukan Numidiya ba su saurara ba. Kowane gari ya zama da bishof biyu da majami'a biyu, har biranen Tarabulus ba su tsira ba. Duk wanda ya koma wurin Donatawa sai sun sake masa baftisma, idan kuwa suka karɓe majami'a daga hannun abokan hamayya, sukan wanke bangonta su kankare bagadinta kafin su yi ibada a ciki. Donatus shi ne ya tambayi wakilan sarki mene ne haɗin Ƙaisar da coci, ko da yake mutanensa ne suka fara kai ƙara fada.

A gefensu kuma wata rundunar 'yan ƙodago ta taso, masu yawo tsakanin kaburburan shahidai da kulake a hannu, waɗanda wajen 340 suka riƙa tsoratar da masu bin bashi, suna sauko da iyayengiji daga keken doki su ɗora bayi, su sa iyayengijin gudu a gaba. Wannan ya nuna cewa a ƙarƙashin gardamar baftisma akwai ta gona da haraji da bashi, akwai kuma ƙiyayyar mutanen karkara ga masu mulkin birni. A 347 hukuma ta aiko da wakilinta Makariyus da kuɗi a hannu ɗaya da soja a ɗayan, aka kashe mutane, aka kori Donatus ya rasu a baƙunci, Donatawa suka sami sababbin shahidai, wannan karon a hannun daular da ke kiran kanta ta Nasara.

Mutumin da ya karya su da hujja shi ne Agustin, haifaffen Tagast, wato Suƙ Ahras ta Aljeriya, a 354, wanda ya yi shekara 9 yana bin addinin Mani mai cewa haske da duhu asali biyu ne, kafin a yi masa baftisma a Milan a 387, ya zama bishof na Hippo, Annaba ta yau. Hujjarsa ita ce ingancin ibada ba ya rataya a kan tsarkin limami, domin ba wanda ya san zuciyar wani, kuma coci gona ce da alkama da ciyawa suke girma tare har ranar girbi. A watan Yuni na 411 aka tara ɓangarorin biyu a Kartaj, bishof fiye da 550, kusan rabi da rabi, wakilin Ƙaisar yana alƙalanci. Donatawa suka ƙi zama, suka ce ba su zama da masu saɓo, aka yi muƙabalar a tsaye. Hukunci ya faɗa kansu, aka ƙwace majami'unsu, aka sa tara mai nauyi a kan duk wanda ya ƙi komawa. A ganina Agustin ya dace a mas'ala ta farko, ya kuma yi babban kuskure a ta biyu, wato tilasta wa mutane. Da fari yana ƙin tilastawa, amma da ya ga tsoron doka ya juyar da garin haihuwarsa, sai ya sake ra'ayi, ya kafa hujja da misalin walima na cikin Linjila, inda maigida ya umarci bawansa ya tilasta wa mutane shigowa. Wannan fassara tasa ta rayu fiye da shekara 1,000 a hannun waɗanda ba su da tausayinsa.

Agustin ya rasu a 430, Wandalawa na kewaye da birninsa. Su kuwa Wandalawa, waɗanda suka ƙetaro daga Sifen a 429 suka ci Kartaj a 439, suna kan wani reshe ne na aƙidar Ariyus, wadda ta isa ga kabilun arewacin Turai ta hannun Ulfila, malamin da ya fassara wa Gotawa littafi cikin harshensu. Ta haka aƙidar mutumin Libiya ta zagaya Turai ta dawo Afirka da takobi, waɗanda suka kori Donatawa jiya suka zama abin kora yau, har sarkin Wandalawa Hunarik ya tura kusan mutum 5,000 daga cikinsu zuwa hamada. A 533 rundunar Ƙaisar Jastiniyan ta kawar da Wandalawa, aka hana Ariyusawa da Donatawa da Yahudawa ibada a fili. A zamanin nan ne daula ta waiwayi sahara. Marubucin fada, Furokofiyus, ya ce mutanen Gadamas sun karɓi addinin, kuma an gina majami'a a Aujila inda ake yi wa gunkin Amun hadaya. Shi ɗin ne kuma ya ba da labarin yadda hakimin Tarabulus ya gayyaci manyan kabilar Lawata 80 walima a Labda wajen 543, aka karkashe su in ban da mutum ɗaya, abin da ya tayar da yaƙin shekaru. Lawata sun shiga wannan yaƙi ɗauke da gunkinsu Gurzil mai siffar bijimi.

A cikin wannan hali ne jakadun Jarma suka tafi. Shi Yohanna mai ba da labarin yana Ƙusɗanɗiniyya yana karatu a shekarun nan, da ya koma gida kuma sarkin Gotawa mai bin aƙidar Ariyus ya kore shi zuwa Barsalona saboda ya ƙi bin ta. Abin da ya rubuta ya fi kama da sharaɗin yarjejeniya tsakanin fada da fada, a lokacin da ruwan fuggara yake ja da baya, fataucin teku kuma ya yi rauni. Masu tonon kufai sun yi aiki a Jarma tun daga Italiyawa a 1933, sannan Muhammad Ayyub, sannan Charles Daniels, sannan ayarin David Mattingly daga 1997, ba a kuwa tono majami'a ko kabari mai rubutun Nasara da aka tabbatar ba. Idan aka gwada da Nuba abin ya fi fitowa fili. Yohanna ya ambaci shigar mutanen Maƙurra ta Nuba addinin a daidai wannan lokaci, amma su an rubuta musu littafi da addu'o'i cikin harshen Nuba, suka gina manyan majami'u a Faras da Dungula, addinin ya zauna a can har ƙarni na 14. A Afirka ta Arewa kuwa, duk da ɗaruruwan bishof da tarin littattafan raddi, ba a san wani ya fassara Linjila zuwa harshen Barbar ba, kuma Agustin da kansa yana neman limamai masu jin harshen Funiƙawa domin ƙauyukan da ke kewaye da shi. Ƙarfin da ya kamata a kashe wajen karantar da mutanen karkara da na sahara ya ƙare a wajen tantance wane ne ke da baftisma ta gaskiya.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a Fazzan ba a ma gina bangon ba. Ibnu Abdil Hakam ya ruwaito cewa a shekara ta 46 bayan Hijira Uƙba ɗan Nafi'u ya bi ta Waddan ya iso Jarma, ya kira mutanenta zuwa Musulunci suka amsa, ya wuce kudu har Kawar, a ƙasar Nijar ta yau, kuma riwayar ba ta ambaci bishof ko majami'a a Jarma ba. A bakin teku kuwa Nasaranci bai mutu da faɗuwar Kartaj a 698 ba, ya daɗe yana ƙanƙancewa a ƙarƙashin zimma. An tono wata maƙabarta a wani wuri mai suna Ingila a kudancin Tarabulus mai rubutun Latin na ƙarni na 10 da farkon na 11. A 1053 Fafaroma Liyo na 9 ya koka cewa bishof 5 ne suka rage a ƙasar da ta taɓa tara ɗaruruwa, a 1076 kuma Girigori na 7 ya rubuta wa Sarki Annasir na Banu Hammad wasiƙar girmamawa game da naɗa wa Nasaran Bijaya bishof, domin ba a sami bishof uku da za su naɗa shi a gida ba.

Littattafan Afirka kuwa sun ƙetare teku, suka zama ma'aunin da cocin Turai ke auna kowace sabuwar ƙungiya da shi. Da Katarawa suka bayyana a kudancin Faransa a ƙarni na 12 suna cewa duniyar jiki aikin mugun asali ce, malaman coci suka buɗe raddin Agustin suka kira su mabiya Mani. Su Katarawan suna riƙe da cewa idan shehinsu ya yi zunubi, duk wanda ya ɗora wa hannu sai an sake ɗora masa, wato mas'alar Donatus ce ta dawo. Waldo, attajirin Liyon da ya rabar da dukiyarsa wajen 1173 ya sa aka fassara masa Linjila cikin harshen gari, an la'anci mabiyansa a 1184, kuma cikin tuhumar da aka yi musu daga baya akwai ƙin ibada a bayan fasiƙin limami. A 1209 Fafaroma Innosan na 3 ya tayar da yaƙin gicciye a kan Katarawa, aka yi wa mutanen Beziye kisan kiyashi, a 1244 aka ƙone fiye da mutum 200 a gindin dutsen Monsegur. A taron Konstans na 1415, wanda ya ƙone malamin coci Yan Hus, an la'anci maganar da aka jingina wa Wikilif na Ingila cewa limami mai babban zunubi ba ya naɗi ba ya baftisma.

Mu ma tambayar ba baƙuwarmu ba ce, kuma a wannan ƙasa ta Tarabulus da Fazzan ta same mu. A 757 Ibadawa suka naɗa Abul Khaɗɗabi imami a Tarabulus, rundunar Abbasiyawa ta kashe shi a 761 ta bi mabiyansa har Zawila, gabas da Murzuk. Duk da haka Zawila ta zama cibiyar Ibadawa kuma ƙofar fataucin Kanem, gidan Banu Khaɗɗabi ya mulke ta daga 918 har 1172. Wasu masanan Turai sun so su ƙulla silsila tsakanin Donatawa da Khawarijawan Magrib, suna cewa ruhin tawayen Barbar ne ya sake riga. Ni ban ga isnadin wannan ba, domin mazhabar Ibadiyya daga Basra ta zo da malamanta da littattafanta, kuma Ibadawa ba sa mai da mai babban zunubi mushriki. Abin da ya haɗa su shi ne mas'alar kanta, wadda duk al'umma mai littafi sai ta fuskanta: ko zunubin shugaba yana rushe shugabancinsa, ko zunubin mutum yana fitar da shi daga jama'a. Almajirin Kano ko Katsina da ya karanta muƙaddimar Risala ta Ibnu Abi Zaidi, wanda ya rayu a Ƙairawan ya rasu a 996, ya riga ya haddace amsar Ahlus Sunna, cewa ba a kafirta ma'abocin alƙibla saboda zunubi.

Jita-jitar cewa akwai ragowar Nasara a bayan sahara ta daɗe tana yawo a Tarabulus, har a 1710 wasu fada biyu na ɗariƙar Faransis, Karlo Mariya na Jenowa da abokin tafiyarsa Sabarino, suka bi ayari ta Fazzan da Agadas suna neman Kwararrafa, inda aka ce musu akwai masu rataya gicciye. Ba su kai ba, ciwo ya kashe su a Katsina a 1711. Bayan shekara 65 aka haifi Muhammadul Amin Alkanemi a Fazzan, ya yi karatu ya yi hajji ya zauna a Borno, kuma da mutanen jihadi suka ci Birnin Gazargamu a 1808, shi ne ya tashi ya kare Mai da takobi da alƙalami. Ya rubuta wa Shehu Usmanu da jama'arsa cewa cin hanci da fitar mata ba lulluɓi da zaluntar maraya duk saɓo ne, akwai su a Masar da sauran ƙasashen Musulmi, ba su kuwa mai da ƙasa ta kafirci. Muhammadu Bello ya amsa cewa ba don saɓo aka yaƙi Borno ba, sai don yanka ga duwatsu da itatuwa da kuma taimakon sarakunan Hausa a kan Jama'a. Bello ya kwafe maganar abokin jayayyarsa a cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, saboda haka ana iya karanta hujjar Alkanemi daga bakinsa, alhali abin da ya rage na Ariyus wasiƙu uku ne da guntayen da masu raddi suka tsinto, na Donatus kuwa bai kai haka ba. Wasiƙun ba su raba gardamar ba. Wajen 1827 Alkanemi ya yi yunƙuri da runduna ya nufo Kano, Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi ya mai da shi, daga nan iyaka ta tsaya tsakanin Sakkwato da Borno, Alkanemi ya rasu a Kukawa a 1837.